Gaɓar Da Ta Ci Matafiya: Labarin Ayari Uku A Bakin Tekun Afirka Ta Kudu

A wannan karon na ɗan ajiye labaran soyayya gefe guda, zan ɗauke mu zuwa gabashin Afirka ta Kudu, yankin mutanen Mpondo da Xhosa, inda ƙasa ta yi iyaka da Tekun Indiya. A yau masu yawon buɗe ido sukan haɗa ayari su goya jakunkuna, su taka daga garin Port St Johns zuwa Coffee Bay cikin kwana biyar, ɗan gari yana yi musu jagora, dare ya yi su kwana a ƙauyuka. Su nishaɗi ya kai su. Amma shekaru ɗaruruwa kafin su, akwai waɗanda suka taka wannan rairayi ba da son ransu ba, akasarinsu kuma ba su kai inda suka nufa ba.

A zamanin da, jiragen ruwan Turawa da ke dawowa daga Indiya dole su zagayo ta kudancin Afirka, domin ba a buɗe mashigin Suez ba sai a 1869. Gaɓar nan kuwa ga duwatsu ga iska mai ƙarfi. Jirgi ya fashe, waɗanda suka tsira sai su tsinci kansu a bakin ruwa, babu wani gari nasu sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne su bi gaɓa, tunda mai bin gaɓa ba ya ɓata, kuma wataƙila wani jirgi ya hango su. Ni kuwa da na duba yadda tafiye-tafiyen suka ƙare, sai na ga wannan dabarar ce ta fi cin rayuka.

Mu fara da jirgin Fotugal mai suna São João. Ya taso daga Cochin ta Indiya a watan Fabrairun 1552 maƙare da barkono, ya fashe a watan Yuni kusa da inda garin Port Edward yake yanzu. Kimanin mutum 500 ne suka fito da rai, wajen 180 Turawa, sauran bayi. Shugabansu Manuel de Sousa Sepúlveda yana tare da matarsa Leonor da 'ya'yansu ƙanana. Suka yanke shawarar su miƙa arewa zuwa mashigin ruwan da birnin Maputo yake a yau, domin jirgin 'yan kasuwar hauren giwa yakan zo nan daga Mozambik.

To mai karatu, bakin teku ba gona ba ne. Ruwa ga shi har iya ganin ido amma ba ya shayuwa. Kowane kogi kuma a bakinsa ya fi faɗi da zurfi, don haka sai an yi ta zagaye cikin daji ana neman mashigi. Ƙauyukan wurin ƙanana ne, ina za su iya ciyar da baki ɗari biyar? Kullum sai an bar wasu a baya, wanda ƙafarsa ta gaza a nan zai zauna ya jira ajalinsa. Bayan wata uku suka isa wurin wani dattijon sarki wanda ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce su zauna har jirgi ya zo. Abin tausayi, sun riga sun iso mashigin da suke nema amma ba su gane shi ba. Suka ƙi maganar dattijo suka wuce.

Sarkin da suka tarar a gaba ya ce ba zai iya ciyar da su a wuri ɗaya ba, sai dai su rarrabu ƙauye-ƙauye, su kuma miƙa bindigoginsu. Leonor ta ce kada a yarda, mijin ya yarda. Aka kwashe musu kaya har tufafin jikinsu. Ita Leonor da ta ga an tuɓe ta a gaban jama'a, sai ta tona rami a cikin rairayi ta rufe jikinta, ta ƙi tashi har rai ya yi halinsa. Yaran ma suka rasu. Sousa ya binne iyalinsa da hannunsa, ya shiga daji, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Cikin mutum 500, guda 25 kacal suka isa tsibirin Mozambik a watan Mayun 1553.

Shekara 41 bayan fashewar São João, a watan Maris na 1593, wani jirgin Fotugal mai suna Santo Alberto ya fashe a kudu da wancan wurin, wato tafiyarsu ta fi tsawo. Mutum 285 suka tsira, suka zaɓi Nuno Velho Pereira ya shugabance su. Wannan mutum ya taɓa riƙe Sofala, ya san mutanen ƙasar, ya kuma san abin da ya sami na baya. Sai ya ce sam ba za su bi gaɓa ba, cikin ƙasa za su ratsa, inda koguna ba su da faɗi kuma akwai makiyaya. Ya sa aka tattara tagulla da ƙusoshin jirgi, domin ya san ƙarfe ya fi zinariya daraja a wurin mutanen yankin. Da su suka riƙa sayen shanu da nono da hatsi, suna gaida sarakuna da kyauta, suna ɗaukar 'yan jagora daga wannan gari zuwa wancan, suna kora shanunsu a gaba kamar Fulani. Cikin kimanin wata uku mutum 182 suka isa mashigin lafiya. Ashe dai matambayi ba ya ɓata.

Sai na ukun, wanda ya fi suna a wurin Ingilishi. Jirgin Grosvenor na Kamfanin Gabashin Indiya ya taso daga Trincomalee ta ƙasar Sri Lanka, ya daki dutse a gaɓar Mpondo da asubahin ranar 4 ga Agustan 1782, alhali kyaftin ɗinsa John Coxon yana zaton suna can nesa da tudu. Mutum 123 suka fito, da mata da yara da ma'aikatan jirgi 'yan Indiya. Coxon ya ce su bi gaɓa zuwa kudu, ga gonakin Turawan Holan, yana lissafin tafiyar mako biyu ce da 'yan kwanaki. Ba su da isassun makamai, ba su tanadi abin musaya ba, ba su kuma nemi su shirya da mutanen ƙasar ba. Ba a jima ba ayarin ya tsage, masu ƙarfi suka yi gaba suka bar mata da yara. Suka koma cin dodon koɗi da mushen dabbobin ruwa da igiyar ruwa ta watso. Sai bayan kusan wata huɗu mutum shida suka isa wata gona kusa da garin da yanzu ake kira Gqeberha. Masu ceto da aka tura suka tsinto wasu 12. Wato 18 ke nan cikin 123.

Akwai wani ɓangare da labaran Turawa ba su cika tsayawa a kansa ba. Ba duk wanda aka lissafa ya ɓata ne ya mutu ba. A 1554, mutanen jirgin São Bento da su ma suka bi gaɓar nan sun tarar da wasu daga cikin mutanen São João zaune a ƙauyuka, wasu ma suka ƙi bin su. Ga bawa, me zai koma yi wurin ubangidansa alhali nan ya sami gida? Haka kuma ayarin Jacob van Reenen da ya fita neman matan Grosvenor a 1790 bai same su ba, amma ya tarar da wasu tsofaffin mata uku farare, ragowar wani jirgi da ya fashe tun da daɗewa, da 'ya'yansu da jikokinsu. Har yau akwai dangi a cikin mutanen yankin da ake kira abeLungu, masu danganta asalinsu ga waɗanda teku ta amayo.

Abin da na tsinta a cikin wannan tarihi shi ne, gaɓar ɗaya ce, yunwar ɗaya ce, abin da ya bambanta ayarin nan uku shi ne yadda kowanne ya ɗauki masu ƙasa. Sousa ya ƙi jin mai gaya masa gaskiya, sai da ƙarfinsa ya ƙare ya faɗa hannun wanda ya cuce shi. Coxon ya dogara da lissafinsa. Nuno Velho kaɗai ya yarda cewa baƙo ko da ido makaho ne, ya riƙe jama'arsa wuri ɗaya, ya biya kuɗin abin da ya ci, shi ne kuma ya kai mafi yawan mutanensa gida.