Daga Leƙen Asiri Zuwa Kujerar Minista: Waiwaye a kan Janar Aliyu Muhammad Gusau

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun Janar Aliyu Muhammad Gusau, domin a gano inda ƙarfin jami'in leƙen asiri yake. An haife shi a 1943. Ya shugabanci sashen leƙen asirin soja daga 1979 zuwa 1983, kuma akan ambaci sunansa a juyin mulkin 1983 da na 1985. Abacha ya yi masa ritaya a 1993, amma Obasanjo ya dawo da shi a matsayin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro daga 1999 zuwa 2006. Duk tsawon wannan lokaci, a bayan fage yake aiki, kunnen shugaba shi ne jarinsa.

A watan Maris na 2014 Jonathan ya naɗa shi Ministan Tsaro. Wata guda bayan haka aka sace 'yan matan Chibok, sannan Gwoza da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram. Ya sauka a 2015.

A nan za a lura cewa sanin asiri daban, riƙon ma'aikata daban. Jami'in asiri shugaba kaɗai yake yi wa bayani. Minista kuwa, jama'a ke tuhumarsa.