Yadda Ake Rubuta Zubin Asusun Lafiya Daidai

Asusun lafiya kuɗi ne da mutanen gari ko 'yan ƙungiya suke tarawa tun suna lafiya, domin ranar da ciwo zai zo. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Amma maganin manya, da man motar da za ta ɗauki mara lafiya daga ƙauye zuwa asibitin Madawa, Buza ko Keita, har zuwa Tawa idan abin ya yi tsanani, suna bukatar kuɗi a hannu. Wannan ne amfanin asusu. Idan kuna zubi, to ku sani haƙƙinku yana cikin abin da aka rubuta.

Kuskure mafi yawa yana fitowa daga ƙidaya. Baki yana ƙirga da dala, takarda kuwa da sefa ake rubuta ta. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan kun zuba dala ashirin, sai a rubuta 100. Dala ɗari ita ce 500. Jika ɗaya, wato dala ɗari biyu, ita ce 1000. Magatakardan da ya ji "ɗari" ya rubuta 100 ya rage muku kashi huɗu cikin biyar na kuɗinku, ba tare da ya yi niyyar cuta ba. Dabarar mai sauƙi ce: lambar da ke jikin kuɗin, ita za a gani a littafi. Ku dubi takardar kuɗin, ku dubi abin da aka rubuta, kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa. Kuma a shafin farko a rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk lissafin littafin nan da sefa ne.

A yankin Madawa, inda naira take yawo saboda kusanci da iyaka, kada a rubuta naira a layin sefa. A canza ta tukuna, a rubuta abin da ya shiga akwati. Haka ma wanda ya biya da hatsi bayan kaka: a rubuta yawan tiya da farashin tiya a ranar, domin farashin gero a watan Nuwamba ba shi ne na watan Yuli ba.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, shi ne rubuta zubi ɗaya sau biyu. Ga misali. Ɗa yana cirani a Abijan, ya aiko wa mahaifinsa zubin wata uku, ma'aji ya karɓo, aka rubuta. Bayan mako guda uban ya zo taro da takardar shaidar aike, magatakarda ya sake rubutawa. Yanzu littafi ya fi akwati yawa. Ranar ƙidaya za a ce kuɗi sun ɓace, kuma ma'aji za a zarga, alhali bai taɓa ko dala ba. Irin wannan zargi yana rusa ƙungiya, ya raba dangi. Maganinsa shi ne kowane zubi ya sami layi ɗaya tak, mai ɗauke da kwanan wata, sunan mai asusun, sunan wanda ya biya, watan da aka biya wa, da yawan kuɗin.

Ba mu kaɗai ke wannan tuntuɓe ba. A Amurka, tun dokar 2003, akwai asusun ajiyar lafiya da ake rangwanta wa haraji. Masu cike takardun haraji da kwamfuta sukan sake shigar da kuɗin da aka riga aka cire daga albashinsu, sai lissafi ya nuna sun zarce iyaka. Na'ura abin da aka ba ta take tarawa.

Game da haraji a nan gida, wanda ake ce wa lanho, zubin asusu ba ya maye gurbinsa. Takardar lanho dabam, ta asusu dabam. Ku adana su a leda, nesa da gara da ɗigar ruwa.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun daɗe suna riƙe lissafi da ka, kowace mace tana shaidar zubin 'yar'uwarta a gaban taro. Wannan al'ada tana da kyau, kada zuwan littafi ya kashe ta. Ku nemi a karɓi kuɗi a bainar jama'a, a faɗi adadin da ƙarfi da dala, a rubuta da sefa, wani ɗan ajin yaƙi da jahilci ya karanto layin. Idan an yi kuskure, kada a goge, kada a yage shafi. A ja layi ɗaya a kansa, a rubuta daidai a gefe, mutum biyu su sa hannu.