Hular Fedora: Dalilin da Ya Sa Ma'abotanta Ke Ɗari-ɗari Duk Lokacin da Ta Shiga Yayi

Fedora hula ce mai baki kewaye kamar malafa, mai taushi, wadda ake loma samanta a tsaye daga gaba zuwa baya, sannan a matse goshinta ta gefe biyu. Faɗin bakinta yakan kama daga inci biyu zuwa uku, kuma akan zagaye gindin ƙoƙonta da ɗamarar ƙyalle. 'Yan Najeriya da dama sun fi sanin irinta a kan tsohon Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan da manyan yankin Neja Delta, amma asalinta na Turai da Amurka ne, kuma a can ne ake tafka muhawarar da ta shafe ta.

Muhawarar ita ce: duk lokacin da hular ta dawo yayi, ta cika kantuna da kawunan matasa, waɗanda suka daɗe suna sanya ta sukan rabu gida biyu. Wasu na murna, wasu na ganin an zubar mata da daraja. Fahimtar wannan saɓani na buƙatar sanin yadda hular ta faro, yadda kasuwarta ta faɗi, da kuma abin da ake sayarwa da sunanta a yau.

Asalin sunan

Sunan ya samo tushe daga wani wasan kwaikwayo na dandamali mai suna Fédora, wanda marubucin Faransa Victorien Sardou ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin Paris a 1882. Shahararriyar 'yar wasa Sarah Bernhardt ce ta fito a matsayin gimbiyar da ke ɗauke da sunan. Daga nan masu sayar da huluna suka laƙaba wa wannan samfuri sunan, kuma a farkon lamari mata ma suna sanya ta.

Zuwa shekarun 1920 ta zama hular maza ta yau da kullum a biranen Amurka da Turai. Ta fi doguwar hular attajirai sauƙin ɗauka, ta fi hulunan da ke da tauri daɗin sanyawa, tana kare ruwan sama da sanyi, tana kuma dacewa da kwat. Ma'aikacin banki da ɗan jarida da ɗan sanda mai farin kaya da ɗan daba duk sun haɗu a kanta. Finafinan Hollywood sun ƙara mata kwarjini, musamman ta hannun Humphrey Bogart a fim ɗin Casablanca na 1942.

A wancan zamani hula tana da dokokinta. Namiji yakan cire ta idan ya shiga gida ko coci, ya ɗan ɗaga ta idan zai gaida mace. Har lokacin sanya kowace iri an ƙayyade. A Amurka al'ada ta tanadi a ajiye hular kaba ta bazara a ranar 15 ga Satumba a koma ta gashi, kuma a Satumban 1922 an yi kwanaki ana tarzoma a birnin New York, inda gungun samari suka riƙa fizge hulunan kaba daga kan mutane suna tattakawa.

Yadda ake yin ta asali

Fedora ta asali ba saƙa ta ake yi ba. Gashin zomo, ko na wata dabbar ruwa da Turawa ke kira biba, ake tarawa a danƙare shi da ruwan zafi da tururi da murza, har ya koma fata guda mai kauri, kwatankwacin abin da ake yin hular dara da shi. Daga nan a ɗora ta a kan katakon ƙira, a busar, a goge, a ɗinka mata zoben fata ta ciki domin tare gumi. Kamfanin Borsalino na birnin Alessandria a Italiya, wanda Giuseppe Borsalino ya kafa a 1857, ya ce hula guda takan ɗauke shi kimanin mako bakwai.

Sana'ar ta ci rayuka a baya. An daɗe ana amfani da zaiba wajen gyaran gashin, abin da ya riƙa jawo wa ma'aikata karkarwar jiki da taɓin hankali a garuruwa irin su Danbury da ke jihar Connecticut, kafin Amurka ta haramta hakan a 1941.

Hular gashin biba ita ce ta fi tsada da ƙarko, sai ta zomo, sai ta ulu wadda ta fi araha, amma takan tsuke ko ta lalace idan ta sha ruwa. Hula mai kyau takan yi shekaru da dama, a wanke ta, a sake mata ƙira, har ɗa ya gaje ta daga uba.

Faɗuwar kasuwa

Daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciniki ya fara ja baya. Mutane sun koma zirga-zirga a cikin mota mai rufi wadda doguwar hula ke tokare samanta, ofisoshi da gidaje sun samu na'urar ɗumama ɗaki, samari kuma sun fara ado da gashin kansu. Akan ɗora wa Shugaba John F. Kennedy laifin kashe hular, amma tarihi bai goyi bayan haka ba: ya je bikin rantsar da shi a Janairun 1961 da doguwar hula, ya cire ta ne lokacin jawabi, kuma tun kafin zuwansa kasuwar take raguwa. A farkon shekarun 1970 kamfanin Stetson, wanda aka kafa a 1865, ya rufe babbar masana'antarsa ta Philadelphia.

Waɗanda suka riƙe hular bayan haka 'yan tsiraru ne: dattawan da suka saba, mawaƙan jazz, wasu al'ummomin Yahudawa masu riƙo da addini da ke sanya baƙar fedora, da kuma masu sha'awar tufafin da. Daga cikin rukunin ƙarshe ne aka samu ma'abota fedora na wannan zamani, masu bin gwanjo da kasuwar tsofaffin kaya suna neman hulunan shekarun 1930 da 1940, suna sanin kamfani da shekarar ƙira daga tambarin da ke cikin hula.

Dawowar yayi

Hular ta sha leƙowa tana komawa. Fim ɗin Raiders of the Lost Ark na 1981 ya sa matasa neman irin hular Indiana Jones, wadda shagon Herbert Johnson na Landan ya yi. Michael Jackson ya mayar da ita kayan rawa tun daga 1983. Babbar dawowar ta zo ne a shekarun 2000, lokacin da mawaƙa irin su Justin Timberlake da Ne-Yo suka riƙa fitowa da ita, sannan shirin talabijin na Mad Men, wanda ya gudana daga 2007 zuwa 2015, ya farfaɗo da sha'awar shigar shekarun 1960. Manyan kantunan tufafi suka cika da huluna masu araha.

Abin da masu ƙorafi ke cewa

Ƙorafi na farko na suna ne. Yawancin abin da kantuna suka sayar da sunan fedora a lokacin, a wurin ma'abota, trilby ce, wata hula mai siririn baki da gajeren ƙoƙo, wadda ta samo sunanta daga littafin George du Maurier na 1894. A ganinsu kiran trilby da sunan fedora daidai yake da kiran kowace hula zanna don kawai an yi mata aiki.

Na biyu na inganci ne. Hulunan yayi galibi na auduga ne, ko zaren roba, ko takarda da aka murɗa, an fitar da su da yawa a girma biyu ko uku kacal, alhali hular asali awon kai ake yi mata. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma wannan shi ne taƙaitaccen ra'ayinsu.

Na uku shi ne tsoron abin da ke biyo bayan yayi. Abin da ya zama ruwan dare yakan gundura, daga nan ya koma abin dariya. Hakan kuwa ya faru: a farkon shekarun 2010 fedora ta zama abin zolaya a kafofin sada zumunta na Turanci, ana danganta ta da saurayin da ke ɗora ta a kan riga maras wuya yana jin ya waye. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sanya hularsa da kwat ya wayi gari ana yi masa kallon ɗaya daga cikinsu. Yayi ya wuce da masu shi, ba'ar ta tsaya a kan wanda bai bi yayin ba.

Abin da masu maraba ke cewa

Ɗaya ɓangaren na kafa hujja da tarihi. Hular da ake so a killace a matsayin ta 'yan tsiraru, a zamanin da ake yabo ta kowa da kowa ce, kuma a lokacin ma akwai mai tsada akwai mai araha. Wanda ke kewar zamanin da kowane namiji ke da hula, in ji su, bai kamata ya ji haushi don ya ga hula a kan kowa ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta kasuwa ce. Masana'antun da ke danƙare gashin hula sun rage ƙwarai a duniya. Daga cikin waɗanda suka saura akwai Fepsa a Portugal, da Winchester a jihar Tennessee ta Amurka, kuma ƙananan maƙeran huluna da yawa daga wurinsu suke sari. Idan ciniki ya yi ƙasa har ɗaya ta rufe, injuna da katakan ƙira da ƙwarewar ma'aikata sukan tafi tare. Ko Borsalino, duk da sunansa, kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye a ƙarshen 2017, kafin masu zuba jari su karɓe shi a 2018. Masu wannan ra'ayi na ganin cewa a cikin matasa da yawa da suka fara da hular kanti, kaɗan za su nemi ta gaske daga baya, kuma waɗannan kaɗan ɗin ne ke riƙe shagon mai gyaran hula a buɗe.

Suna ƙarawa da cewa yayi na rage wa mai hula kallon baƙo. Lokacin da hula ta yi ƙaranci, duk wanda ya sanya ta sai a ɗauka shigar wasan kwaikwayo ya yi.

Inda ɓangarorin suka haɗu

Duk da saɓanin, akwai abubuwan da kusan dukkansu suka yarda da su. Faɗin baki ya dace da faɗin fuska da kafaɗa. Hula ta zauna daidai kai, ba ta matse ba, ba ta yi sako-sako ba. A ɗauke ta ta baki maimakon matse goshinta, domin yawan matsa yana huda gashin. A ajiye ta a kife bisa ƙoƙonta ko a rataye, a goge ta da buroshi mai laushi, idan ta jiƙe a bar ta ta bushe da kanta nesa da wuta.

Ga ɗan kasuwar da ke shigo da huluna, bambancin da ma'abota ke jayayya a kansa bambancin farashi ne kai tsaye. Tambarin da ke ciki yakan nuna ko gashin zomo ne, ko ulu, ko zaren roba. Zoben fata na ciki alama ce ta aiki mai kyau, na ƙyalle kuwa yawanci na mai araha ne. Wadda ake kira Panama, mai dacewa da ƙasashe masu zafi, a Ecuador ake saƙa ta da ganyen toquilla, sana'ar da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2012, kuma akan yi mata ƙirar fedora.

Hular ta shiga yayi ta fita sau da dama cikin fiye da shekara 130. A kowane zagaye masu sayen ta don yayi sun fi yawa, su ne kuma ke fara ajiye ta. Masu sayen ta don ƙarko ba su da yawa, amma kuɗin da taron farko ya zuba a kasuwa na daga cikin abin da ke ba masana'antun damar ci gaba da yi wa na biyun aiki.