Gida Biyu: Hausawa Mazauna Gwanja da Riƙon Dukiya da Zumunci a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin fatauci sun fi mayar da hankali ga ayari: yawan jakuna, kuɗin fito, haɗarin hanya da ribar goro. Wanda bai samu irin wannan kulawa ba shi ne mutumin da ya sauke kaya a Gwanja bai sake ɗauka ba, wato ya yi kaka-gida a yamma alhali gonarsa da matarsa da iyayensa suna Kano ko Katsina. Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da irin waɗannan mutane suka bi wajen riƙe abin da suka baro, tun daga ƙarni na 19 zuwa shekarar 1969.

2.0 Nisan Hanya

Hanyar Gwanja takan ratsa Yawuri ko Busa, ta haye Kogin Kwara, ta bi ƙasar Bargu da Jugu da Yandi kafin ta faɗa Salga, babbar kasuwar goron Asante. Zuwa da dawowa kan ci watanni da dama, wani lokaci shekara cur. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ci karo da wani ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000. Kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a bincikensa na 1980, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan fatauci. Sukan tafi da kanwa da tufafi da jemammun fatu da dabbobi da bayi, su komo da goro.

Ayari ba ya tafiya sai da mai karɓarsa. Dole a sami wanda zai zauna Salga ya ba fatake masauki, ya adana hajarsu, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu idan an ci bashi. Wannan shi ne mai gida, kuma daga irinsa zango ya samo asali. To amma wanda ya zama mai gida a Salga ya zama baƙo a garinsu, domin zai iya shekara goma bai taka shi ba.

3.0 Gona, Mata da Gado

Gona ita ce abu na farko da kan shiga haɗari. A bisa al'ada, gonar da ta daɗe saura ba mai nomanta dagaci yana iya bayar da ita ga wani mabuƙaci. Don haka mai niyyar zama yamma yakan bar ta cikin gandu a hannun ƙane, ko ya ba da aronta, ko ya jinginar da ita ya ƙara jari da kuɗin. Kowace dabara da cikas ɗinta. Aro idan ya daɗe, shaidu suka mutu, 'ya'yan mai aro sukan tashi suna ganin gonar ubansu ce. Jingina kuwa ta fi aminci ta wata fuska, tun da kuɗin da ke tsakani yana tuna wa kowa cewa gonar tana da mai ita. Sai dai mai jingina ba ya cin komai daga amfaninta har sai ya fanshe ta.

Batun mata ya fi wannan tsanani, kuma a nan ne fiƙihun Malikiyya ya taka muhimmiyar rawa. Malamai sun bambanta tsakanin mijin da aka san inda yake da wanda labarinsa ya yanke. Idan an san mutum yana Salga amma ya daina aiko da abin ci da sutura, matar tana da ikon kai ƙara, alƙali kuma ya aika masa: ko ya aiko da haƙƙinta, ko ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata. Wanda ya ɓata kuwa, wato mafƙudi, matarsa takan jira shekara 4 bayan an kai ƙara an yi cigiya, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, ta halatta ga wani. Abin lura shi ne dukiyarsa ba a raba ta a wannan lokaci. Sai an kai shekarun da ake ganin tsararsa ba sa wucewa. Ashe ke nan mutum zai iya komowa daga Gwanja ya tarar gidansa da gonarsa suna jiransa, matarsa kuwa tana ɗakin wani da 'ya'ya. Wannan ya sa mazaunin yamma mai hankali ba ya barin ayari ya tashi ba tare da saƙonsa ba, ko da ƙwaryar goro ce da turmin zane, domin saƙon shaida ne cewa yana raye kuma bai saki haƙƙinsa ba.

Wuri ba kuɗin aikawa nesa ba ne saboda nauyinsa, shi ya sa goro ya zama hanyar aike. Akan damƙa wa madugu ko wani amintaccen falke, shi kuma ya sayar a Kano ya miƙa kuɗin ga wakili. Haka nan idan falke ya rasu a zango, ana sa ran mai gidansa ya ƙidaya abin da ya bari a gaban malamai ya riƙe har magada su zo ko su aiko. Ba kowa ne ya cika wannan amana ba, amma mai gidan da aka sani da cin dukiyar mamaci ba ya sake ganin baƙi, kuma labari irin wannan yakan riga ayari isa Kano.

4.0 Wasiƙa

Duk waɗannan ma'amaloli sun dogara ga rubutu, kuma a nan ne al'amarin ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Alhaji Umaru Salga, wanda aka haifa a Kano a 1858, tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci mai suna al-Sarha al-Wariƙa a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Ba abin mamaki ba ne ɗan gidan fatake ya ga buƙatar irin wannan littafi. Wasiƙar alƙali da ta manyan malamai da Larabci ake yin su, amma saƙon yau da kullum, na rasuwa da haihuwa da lissafin bashi, sau da yawa da ajami ake rubuta shi, domin a karanta wa tsohuwa ta fahimta ba tare da tafinta ba.

Shi kansa Alhaji Umaru ya ɗanɗani abin da ke cikin zaman yamma. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, Salga ta fita daga hannun Asante, goro ya fara karkata zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu neman sarauta a wannan yanki, kasuwar ta watse, baƙi suka bazu. Shi ya koma Kete-Karachi, inda ya yi limanci, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da Hausa a kan tarihi da rayuwar ƙasar Hausa. A can ya rasu a 1934. Waɗanda suka zuba dukiyarsu duka cikin gidajen Salga sun tashi hannu rabbana. Waɗanda suka bar wani abu a gabas su ne suka ga gaskiyar karin maganar nan ta gida biyu maganin gobara.

5.0 'Ya'ya

Dukiya tana iya jira a hannun wakili, ɗa kuwa ba ya jira, girma yake yi. Mazauna zango da yawa sun auri matan ƙasar, Gwanjawa da Dagwamba da sauransu, sai 'ya'ya suka tashi da Hausar da ta saɓa da ta iyaye maza. Sanannen abu ne a Hausar Gana cewa bambancin jinsi ya raunana ƙwarai, har a ce "ya zo" ana nufin mace. Maganin da iyaye suka samo shi ne tura yaro gida karatun allo ko riƙo wurin goggo ko baffa, da kuma auren zumunci, inda akan ɗauko 'yar ɗan'uwa daga Kano a kai ta yamma. Irin wannan aure yana riƙe harshe, yana kuma hana gado fita daga dangi.

Wani lokaci abin yakan juya, uwa ce a yamma, 'ya'ya a gida. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, bayan rasuwar mahaifinsa uwarsa ta koma Ankara ta ƙasar Gana, ta bar shi da 'yan'uwansa a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga sunanta laƙabinsa ya fito. Ya bi sawun uwar har can, kuma wannan sanin hanya ya taimaka masa daga baya wajen shigo da goro ta teku zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai tsohuwar hanyar Bargu ta soma mutuwa, tafiyar watanni ta koma ta makonni, gidan waya kuma ya karɓi wani kaso na aikin madugu.

Sauƙin hanya bai sa kowa ya riƙe zumunci ba. An ga haka a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardun zama mako 2 su bar Gana. Mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Waɗanda suka saba aike da ziyara sun sauka gidajen danginsu. Wasu kuwa, jikokin fatake da aka haifa a zangon Kumasi, sun iso Kano da sunan unguwar kakansu kawai a baki, suna bin masu unguwa da tsofaffi suna tambayar ko akwai wanda ya tuna wane da ya tafi Gwanja.