Masaukin da teku ya tafi ya bari

1/ Jama'a, na je hutun kwana biyu a wani tsohon masauki da ke kudancin Ingila, na dawo da labarin bindiga, ganyen shayi da haraji. Ku gyara zama, zaren na da ɗan tsawo. 🧵

2/ Ƙarshen Oktoba ne, lokacin kaka a nan: ganye ya yi ja yana zuba, rana na faɗuwa da wuri. Karatu ya sha mini kai. Ni da wani abokina muka haɗa 'yan kuɗin da muka tara, muka hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa wani ƙaramin gari mai suna Rye. Ana furta shi "Rai", kamar namu na Hausa.

3/ Masaukin sunansa Mermaid Inn, wato masaukin 'yar ruwa. Yana kan wani titi mai gangara da aka shimfiɗe da duwatsu. A jikin bangon an rubuta cewa an sake gina shi a 1420. Ku lura fa, sake ginawa. Ɗakunan ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa ana danganta su da 1156.

4/ Me ya sa aka sake ginawa? A 1377 Faransawa suka zo ta ruwa suka cinna wa garin wuta, har ƙararrawar cocin suka kwashe. Shekara na zagayowa mutanen Rye da na maƙwabciyarta Winchelsea suka tsallaka suka ƙwato kayansu. A zamanin nan, wanda ke zaune a bakin teku ba ya barci da ido biyu a rufe.

5/ Da safe na ce wa abokina mu leƙa bakin ruwa. Ashe sai mun yi tafiyar kusan kilomita 3. Da can Rye babbar tashar jiragen ruwa ce, tana ba sarki jirage da matuƙa, shi kuma yana ɗauke mata wasu haraji. Sannu a hankali laka da tsakuwa suka cike mashigar, aka mayar da fadamu gonaki. Yanzu tumaki ke kiwo inda jirage ke tsayawa a da.

6/ Da dare muka zauna kusa da wani ƙaton murhu, na ce a kawo mini shayi. Shiru, sai ƙarar itace a cikin wuta. Wallahi rabon da in ji hankalina ya kwanta haka na manta. Sai na tuna abin da na karanta kafin mu taho: a gidan nan 'yan fasa-ƙwaurin Hawkhurst ke zama a shekarun 1730 da 1740.

7/ Wani da ya gan su ya ba da labarin yadda suke zama bakin taga suna shan taba, bindigoginsu a ɗure a kan tebur, ba alƙalin da ke iya ce musu uffan. Ana ma cewa akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa daga nan zuwa wani masaukin da ke kusa, don sulalewa in ta ɓaci.

8/ Kun san babban kayan da suke shigowa da shi? Ganyen shayi. E, shayi dai. Akwai barasa da taba, amma shayi ba nauyi, ga riba. Gwamnati ta lafta masa haraji, talaka kuma ya riga ya saba da sha. To wa zai kawo masa mai araha? Shi ya sa ƙauyuka da dama suka rufa musu asiri, wasu don riba, wasu don tsoro.

9/ Yau ana ba da labarinsu kamar wasu jarumai, masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto. Ni ma na ɗauka, ba zan ɓoye ba. Amma ku ji sauran.

10/ A Oktoban 1747 suka fasa gidan kwastan na garin Poole, can yamma da nisa, suka kwashe shayin da hukuma ta kama, suka bar barasar. Wani mai ɗinkin takalma, Daniel Chater, ya gane ɗaya daga cikin mutanen. A Fabrairun 1748 wani dattijon ma'aikacin kwastan, William Galley, ya rako shi don ya ba da shaida.

11/ Ba su isa ba. 'Yan fasa-ƙwauri suka ritsa su a wani masauki a hanya, suka ɗaure su kan doki suna bulala. Galley aka binne shi, Chater aka jefa shi rijiya aka bi shi da duwatsu. Duk a kan ganyen shayi.

12/ Dama tun Afrilun 1747 mutanen ƙauyen Goudhurst sun gaji, sun ɗau makami sun fatattake su. Kisan mutum biyun nan ya ƙarasa juya musu jama'a. Aka rataye shugabanninsu, Arthur Gray a 1748, Thomas Kingsmill a 1749.

13/ Sai dai rataya ba ta hana fasa-ƙwaurin shayi ba, wasu suka ci gaba. Abin da ya karya sana'ar shi ne dokar 1784, lokacin da firaminista William Pitt ƙarami ya sauke harajin shayi daga kashi 119 cikin 100 zuwa 12.5. Riba ta tafi, kowa ya kama gabansa. Abin da igiya ta kasa, alƙalami ya yi.

14/ Shi kansa zuwa bakin teku don hutawa sabon abu ne a ƙasar nan. A 1750 wani likita, Richard Russell, ya wallafa littafi yana cewa ruwan teku magani ne, masu kuɗi suka fara tururuwa zuwa Brighton. Da jirgin ƙasa ya iso garin a 1841, masu ƙaramin ƙarfi ma suka samu hanya. Kafin nan gaɓar teku wurin masunta ne da mahara.

15/ Washegari muka hau hasumiyar cocin nan da aka taɓa sace wa ƙararrawa. Rufin gidaje jajaye, fadama shimfiɗe, teku can nesa kamar zare. Abokina ya ce garin nan Allah ya yi shi don hutu. Na ce a'a malam, sai da tashar ta mutu, haraji ya sauka, bindigogi suka bar kan tebur, sannan irinmu suka samu wurin miƙe ƙafa.

16/ Kafin mu kama jirgin dawowa na sake cewa a kawo shayi. Na sha a hankali, ina tunanin Chater, mai ɗinkin takalman da ya mutu don ya gane fuskar wani. In Allah ya kai ɗayanku Rye, ya je da kaka, mutane ba yawa. Ya tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmin da zai jure duwatsun titin nan.