Gwajin sassan manhaja: Daga JUnit zuwa pytest

Gwajin sassa hanya ce da masu rubuta manhaja ke bi domin tabbatar da cewa kowane ɗan guntu na aikinsu yana yin abin da aka nufa da shi. Ana ba guntun tambayar da aka riga aka san amsarta, misali a ce 2 da 3 dole su ba da 5. Duk ranar da wani gyara ya sauya amsar, gwajin zai faɗi. Akwai manhajoji na musamman da ke gudanar da ɗaruruwan irin waɗannan gwaje-gwaje cikin 'yan daƙiƙu.

Kent Beck ne ya share fage da SUnit a harshen Smalltalk. A 1997 shi da Erich Gamma suka rubuta JUnit na harshen Java a cikin jirgin sama, kan hanyarsu daga Zurich zuwa Atlanta. Python ya ɗauki salon a unittest, wanda aka shigar cikin harshen a 2001, sai dai ya zo da ɗawainiya: dole mutum ya bi dogon tsari, ya kuma haddace umarni irin su assertEqual da assertTrue. Manhajar pytest, wadda Holger Krekel ya faro a 2004, ta taƙaita yawancinsu zuwa kalma ɗaya, assert, kuma idan gwaji ya faɗi takan nuna abin da aka zata da abin da aka samu.

Wannan sauƙi na da nauyi, domin idan wa'adin miƙa aiki ya matso, gwaji mai wahalar rubutawa ne ake fara yarwa, musamman na yanayin da bai taɓa faruwa ba.

'Yan Najeriya sun ga abin da irin wannan yanayi ke haifarwa ranar 25 ga Fabrairun 2023. A rumfunan zaɓe a faɗin ƙasar, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV, alhali na 'yan majalisar tarayya yana hawa. Rahoton da INEC ta fitar daga baya ya ɗora laifin kan tsarin manhajar: tana ajiye kowane sakamako ne a ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne. Tun Agustan 2020 ake amfani da shafin, amma ba a taɓa yin zaɓen ƙasa baki ɗaya da shi ba sai wannan rana.