Tarihin Yadda Aka Fara Kwashe Kwamfuta Sukutum Zuwa Wata Kwamfutar



Idan ka sayi sabuwar waya, cikin 'yan mintoci kake kwaso lambobinka da hotunanka daga tsohuwar. To ka san akwai masu ɗaukar kwamfuta guda, da Windows ɗinta da manhajojinta da duk ajiyarta, su zuba a filas su kunna ta a wata kwamfutar kamar ba abin da ya faru? Wannan ita ce kwamfutar cikin kwamfuta, wadda ake kira virtual machine ko VM. Yau tarihinta za mu bi.

Abin ya faro ne daga kamfanin IBM a Amurka. A lokacin kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki, ga tsadar tsiya, ga masu son aiki da ita da yawa. Sai injiniyoyinsu suka haɗa CP-40 da ta fara aiki a 1967, wadda ke raba inji ɗaya gida-gida, kowa ya ga kamar nasa ne shi kaɗai. A 1972 suka fitar da VM/370. Sai dai ƙananan kwamfutoci irin na gida an bar su a baya, domin furosesarsu ba a ƙera ta don wannan aikin ba.

Kamfanin VMware, da aka kafa a 1998, shi ya warware matsalar da manhajar Workstation a 1999. Babban sauyin shi ne, hadis ɗin VM ya koma fayil kawai. Fayil kuwa ana kwafarsa. Kwamfuta ta tsufa? Ka kwashi fayil ka kai sabuwa, shi ke nan. A 2003 suka ƙara da vMotion, mai mayar da VM daga wata saba zuwa wata alhali tana kunne.

Daga nan hanya ta buɗe. Intel ta saka VT-x a furosesarta a 2005, AMD ta biyo da AMD-V a 2006. A 2007 kamfanin Innotek na Jamus ya saki VirtualBox kyauta, Sun ta saye shi a 2008, ya koma hannun Oracle a 2010. Amma kowa da irin fayilinsa: VMware na da VMDK, VirtualBox na da VDI, Microsoft na da VHD. Shi ya sa a 2007 wasu kamfanoni suka gabatar da tsarin bai-ɗaya mai suna OVF, wanda ya haifar da fayil ɗin OVA da kake gani a yau.

Mu masu gyaran waya abin ya shafe mu sosai. Tsoffin manhajojin filashin da direbobinsu da yawa ba sa jituwa da sabuwar Windows, sai a ajiye su cikin VM mai Windows 7. Ranar da laptop ta mutu ba tare da kwafi ba, aikin shekaru ya tafi.

Don haka in za ka canza kwamfuta, kashe VM ɗin gaba ɗaya tukuna. Ka fitar da ita a matsayin OVA, ko ka kwafi folda ɗin duka, domin in ka ɗauki fayil ɗin hadis kaɗai ka bar snapshot, sabon aikinka ba zai biyo ka ba. A sabuwar kwamfutar ka duba BIOS ko VT-x a kunne take. Sannan ka sani, VM da aka haɗa a kan Intel ba za ta tashi kai tsaye a Mac mai M1 ba, wadda Apple ta fitar a 2020, saboda furosesar ARM ce.

Kada ka goge ko ka sayar da tsohuwar sai ka ga sabuwar ta tashi lafiya, ka buɗe fayilolinka da idonka.

Allah ya sa mu amfana. A tura wa wanda ke shirin canza kwamfuta.